Jamus ko Japan: wa za a fara kayarwa a wasan Axis & Allies?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Su biyar ne suke haɗuwa duk ƙarshen mako suna buga wasan allo na yaƙin duniya na biyu mai suna Axis & Allies, samfurin da ake kira 1942, bugu na biyu, kuma shi ne yake riƙe da Amurka. Sau uku ke nan a jere ana cin ɓangarensu. Ya ce in ya tura ƙarfinsa Turai sai Japan ta cinye Asiya, in ya juya kan Japan sai Jamus ta shiga Mosko. Wa ya kamata su fara kayarwa?

Ɗan'uwa, Jamus za ku fara da ita. Na daɗe ina buga wasan nan, na riƙe kowace ƙasa daga cikin biyar ɗin, kuma in ba wani abu na musamman ya faru a zagayen farko ba, ban ga hanyar da ta fi wannan ba. Amma ina so ka fahimci dalilin, domin wanda ya haddace amsa ba tare da dalili ba, ranar da allo ya canza masa sai ya ruɗe.

Ga masu karatun da ba su san wasan ba: wani Ba'amurke mai suna Larry Harris ne ya ƙirƙiro shi, ya fara fitowa a 1981, ya shahara bayan kamfanin Milton Bradley ya buga shi a 1984. Bugun da muke magana a kai ya fito a 2012. Allon taswirar duniya ce a 1942, tsakiyar abin da iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila. Rasha da Birtaniya da Amurka suna gefe guda, wato ƙawance, Jamus da Japan suna ɗaya gefen. Kowane yanki yana da adadin kuɗin da yake kawo wa mai shi duk zagaye, da kuɗin ake sayen soja da igwa da jirage, kuma ana yanke hukuncin kowane faɗa da jefa dayis irin na lido.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ne ke yaudarar yawancin masu riƙe Amurka. A farkon wasa Rasha tana samun 24, Birtaniya 31, Amurka 42, jimilla 97. Jamus tana samun 41, Japan 30, jimilla 71. Wanda ya ga 97 da 71 sai ya ɗauka ƙawance ya riga ya ci. Amma duba abin da kuɗin kowa ke saya. Sojan ƙasa 3 ne, igwa 4, tanka 6. Jamus tana da masana'anta a Balin mai fitar da kaya 10 duk zagaye da wata a Italiya mai fitar da 3, wato da kuɗi 39 za ta ajiye soja 13, kuma da ƙafarsu za su taka zuwa fagen daga. Kai kuwa teku ce tsakaninka da kowa. Jirgin dako 7 ne, kuma sojan ƙasa ɗaya kawai yake ɗauka tare da wani kaya guda. Jirgi da soja da igwa 14 ke nan. Kuɗinka 42 gaba ɗaya, jirage 3 ne da kaya 6 a zagayen farko, kuma ba mu ma yi maganar jiragen da za su raka su ba, alhali a wannan bugun jirgin dako ba ya iya kare kansa ko kaɗan. In ka raba wannan ɗan abin gida biyu, 21 gabas 21 yamma, me zai isa Turai? Me zai tsaya gaban rundunar ruwan Japan? Taura biyu ba ta taunuwa. Ina kyautata zaton abin da ya same ku sau uku ke nan, domin yadda ka bayyana shi, kana bin inda wuta ta fi ci ne kana kai guga, zagaye biyu nan, zagaye biyu can.

To tunda dole a zaɓi ɗaya, da me ake zaɓa? Ni abu na farko da nake tambayar kaina shi ne: wane ne cikin abokan gabar nan zai iya kashe mu da wuri in an ƙyale shi? Ba wanda ya fi ba ni haushi ba, kuma ba wanda ya fi rauni ba. A wannan allon amsar tana Mosko. Dokar wasan ta ce wanda ya kama babban birnin wata ƙasa zai kwashe duk kuɗin da ke hannunta, kuma ƙasar ba ta ƙara karɓar kuɗi ko sayen komai sai an ƙwato birnin. Faɗuwar Mosko na nufin ɗaya daga cikinku uku ya zama ɗan kallo, kuma Jamus ta juyo da duk ƙarfinta yamma da kuɗin da ya wuce naka.

Ka ƙirga tafiyar da kanka. Sojan da Jamus ta saya a zagaye na 1 ana ajiye shi a Balin a ƙarshen juyinta. Sojan ƙasa yanki ɗaya yake takawa duk zagaye: zagaye na 2 Folan, na 3 Belarus, na 4 Yammacin Rasha, na 5 yana ƙofar Mosko. Tankar da aka saya a zagaye na 3 za ta cim masa, tunda ita yanki biyu take ci. Saboda haka ɗan wasan da ya san abin da yake yi zai iya tara babbar runduna a bakin Mosko daga zagaye na 5 zuwa na 7. Wannan shi ne agogon wasan gaba ɗaya. Duk shawarar da za ku yanke, ku auna ta da shi. Japan ma tana iya zuwa Mosko, ta Saibiriya ko ta Sin ko ta Indiya da Farisa, amma sai ta fara haye da sojojinta daga tsibiri ko ta kashe 15 ta gina masana'anta a babban yankin Asiya, sannan ta yi doguwar tafiya ta yankunan da yawancinsu kuɗi 1 kawai suke kawowa. Tana zuwa, amma a makare.

Abu na biyu, kuma shi ne wanda na fi so ka riƙe: wane ne ku uku za ku iya taɓawa? A wasan nan abokan ƙawance ba sa kai hari tare, kowa a juyinsa yake faɗa, amma suna tsaron yanki tare. Jerin juyin kuwa haka yake: Rasha, Jamus, Birtaniya, Japan, Amurka. Ka lura da abin da wannan ke nufi. Daga lokacin da Jamus ta gama juyinta, Birtaniya za ta buga, kai ka buga, Rasha ta buga, kafin Jamus ta sake ɗaga ko soja ɗaya. Duka uku ke nan a jere ba ta da damar cike giɓi. Birtaniya ta sauka Faransa ta rage masu tsaro, ko da ba ta kama ba, kai ka zo ka ƙarasa. Ko kuma Birtaniya ta kama yankin, kai ka sauke sojojinka da jiragen samanka a kai, domin doka ta hana jirgin sama sauka a yankin da ƙasarsa ta kama a wannan juyin, amma ba ta hana shi sauka a wanda abokiyar ƙawance ta riga ta kama ba. Ƙaramin jirgin sama na yaƙi kuɗinsa 10, kuma a tsaro yana ci in dayis ya nuna 4 ko ƙasa da haka, wato sau huɗu cikin shida. Uku ko huɗu daga cikinsu a kan Faransa ko Norwe suna mayar da ita ƙashin da ke tsaya wa Jamus a wuya.

Yanzu ka gwada wannan lissafin a kan Japan. Rasha ba ta da komai a gabas sai 'yan sojoji kaɗan, kuma duk wanda ta tura can ta cire shi ne daga tsaron Mosko. Birtaniya tana da masana'anta a Indiya, amma kaya 3 kawai take fitarwa duk zagaye. Saura kai kaɗai. Kuma faɗan teku tsada gare shi: jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama 14 ne, in ka ɗora masa jirage biyu ya zama 34, babban jirgin ruwa na yaƙi 20. Japan ta fara wasa da manyan jiragen yaƙi 2 da masu ɗaukar jirage 2 da ƙananan jiragen sama 6. Za ka shafe zagaye uku ko huɗu kana gina abin da zai kai nata kawai, kuma jirgin ruwa ba ya kama ƙasa, sai sojan da ya taka ta. Ko ka ci tekun, Tokyo tsibiri ce mai masana'antar da ke fitar da kaya 8. Mai Japan zai zauna yana ajiye soja 8 duk zagaye da kuɗi 24, kowane yana ci da 2 a tsaro, naka kuwa da 1 yake ci a hari sai in igwa ta tallafa masa, kuma kowane biyu sai ka biya musu jirgi. Kafin ka fasa wannan ganuwar an daɗe da shiga Mosko.

Na taɓa ganin wannan ƙarara a wani wasa da muka yi a gidan wani abokina. Mai Japan ya nutsar da jiragen Amurka da ke Hawai a zagayen farko, mai Amurka ya ji zafi ƙwarai, ya ce sai ya rama. Ya yi zagaye biyar yana sayen jiragen ruwa, kuma gaskiya ya yi wasa mai kyau a tekun, ya ci babban faɗa a kusa da Filifin. Ni nake riƙe da Rasha a ranar. Ina ta roƙon a aiko mini da ko jirgin sama biyu, ba a aiko ba. A zagaye na 6 Mosko ta faɗi, kuma rundunar da ya sha wahalar ginawa tana can tsakiyar Fasifik ba abin da za ta iya yi mana. Har yau ina jin ciwon wannan wasan, domin da rabin abin da aka zuba a ruwa ya zo Turai da mun tsira.

Waɗanda suka yi yaƙin na gaske ma wannan shawarar suka yanke, kuma kusan da irin waɗannan dalilai. Tun a Nuwamba 1940, kafin Amurka ta shiga yaƙin, shugaban sojojin ruwanta Admiral Harold Stark ya rubuta takarda yana ba da shawarar cewa in yaƙi ya ɓarke ta fuska biyu, a fara da Jamus, a tsaya kan tsaro a Fasifik. Hafsoshin Amurka da na Birtaniya suka amince da hakan a tattaunawarsu ta farkon 1941. Sai Japan ta kai harin Pearl Harbor a Hawai ranar 7 ga Disamba 1941, jama'ar Amurka suka fusata suna neman ramuwa, amma da shugaban Amurka Roosevelt da firaministan Birtaniya Churchill suka zauna a Washintan a ƙarshen wannan watan, a taron da aka yi wa laƙabi da Arcadia, sai suka sake jaddada cewa Jamus ce ta farko. Ita ce mai manyan masana'antu, ita ce ke iya fitar da Tarayyar Sobiyet ko Birtaniya daga yaƙin. Jamus ta miƙa wuya a Mayu 1945, Japan ta biyo baya a Agusta. Wannan shawarar ta taɓa gidajenmu ma. Kakanninmu da aka ɗiba a rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi Yaƙin Bama, a fagen da aka sa a baya suka yi faɗa, inda kayan aiki ke zuwa a makare, har ake kiran babbar rundunar da suke ƙarƙashinta wadda aka manta da ita. Duk lokacin da na sa hannu a kan Bama a allon nan sai na tuna da su.

Amma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure na biyu. Su ji an ce Jamus farko, sai su kwashe komai daga Fasifik su bar Japan ta yi abin da ta ga dama. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ko a yaƙin gaske ba haka aka yi ba: an gwabza a Midway a Yuni 1942, an sauka Guadalcanal a Agusta, duka biyun a Fasifik, kafin ma a sauka Maroko da Aljeriya a Nuwamba. A wasan kuwa akwai dalili na doka. Allon yana da biranen nasara 13. Ku kuna da 7: Washintan, San Faransisko, Honolulu, Landan, Kalkata, Mosko da Leningrad. Su suna da 6: Balin, Faris, Rum, Tokyo, Shanghai da Manila. A wasan da aka saba, in suna riƙe da 9 a ƙarshen zagaye sun ci, ku kuwa 10 kuke nema. Leningrad kusan kullum tana faɗuwa da wuri. Kalkata ta Indiya ma tana faɗuwa in Japan ta matsa. Takwas ke nan. In ka bar Honolulu ta Hawai ba kowa, jirgin dako ɗaya da soja biyu sun gama wasan, Mosko tana tsaye lafiya ƙalau. Na ga an ci mutane haka suna tsaka da murnar sauka Faransa. Abin da zai taimake ka shi ne kai ne na ƙarshe a kowane zagaye, kuma bayan juyinka ake ƙirga biranen, saboda haka kullum ka tabbatar kana da abin da za ka ƙwato Honolulu da shi, ko ka kama Faris ko Rum, kafin a ƙirga.

A aikace ga yadda nake so ku tafi. Mai Rasha ya sayi sojan ƙasa da igwa kusan kullum, soja 4 da igwa 3 ko soja 8 da kuɗinsa 24, ya kama Yammacin Rasha a juyin farko ya tara ƙarfinsa a can, kada ya watsa soja a kowane yanki don kawai a ga tutarsa. Aikinsa shi ne ya rayu. Mai Birtaniya ya cika Indiya da kaya 3 duk zagaye muddin tana riƙuwa, sauran kuɗin ya sayi ƙananan jiragen sama su tafi Rasha su tsaya tsaro, yana tara abin gina rundunar ruwa a lokacin da taka za ta iso ta kare ta. Ranar da ya ga Indiya ba za ta riƙu ba, ya janye sojojin ta Farisa zuwa Kokesas, yankin Rasha, maimakon su mutu a banza, suna da amfani a can. Kai kuma ka fara da jiragen rakiya da na dako a Atilantika. Daga gabashin Amurka zuwa Maroko tafiyar juyi ɗaya ce, kuma sauka can yana hana Jamus cin Afirka, inda Masar da sauran yankuna ke ciyar da Birtaniya. Daga nan burinka shi ne ka kafa layin jirage da ba ya yankewa, kowane zagaye kaya 8 ko 10 suna sauka Turai, jiragen da ka riga ka saya suna kai da kawo, kuɗinka duka yana komawa soja. Faransa 6 take kawo wa Jamus, Italiya 3, Norwe 2. Ba sai ka kama Balin da wuri ba. Duk sojan da Jamus ta ajiye a bakin teku don tsoronka, soja ne da bai je Mosko ba, kuma da zarar ta fara ajiye rabin sayayyarta a yamma, agogon nan da muka ƙirga ya tsaya.

Akwai lokacin da nake yarda a fara da Japan, ba na musun hakan, kuma na ga ƙwararru sun ci da shi. Sai dai sharaɗinsa biyu ne su haɗu a zagayen farko: Jamus ta yi asara mai yawa a gabas ko ta zuba kuɗinta a jiragen ruwa, sannan Birtaniya ta yi nasarar nutsar da rundunar Japan da ke kusa da tsibiran Indonesiya, wadda ke da babban jirgin yaƙi da mai ɗaukar jirage. Wannan harin caca ne, dayis na iya juya maka baya. In ya yi kyau, to Japan ta rasa kusan rabin ƙarfinta na ruwa tun kafin ta motsa. Ko a lokacin ma ba Tokyo ake nufa ba. Tsibirai uku ake nufa: Indonesiya 4, Borniyo 4, Filifin 3, wato 11 daga cikin 30 ɗinta, ga Manila birnin nasara a ciki. In an ƙwace su, an nutsar da jiragenta, an kore ta daga babban yanki, sai a bar ta a tsibirinta a juyo kan Jamus. Wannan hanya tana buƙatar mai Rasha da ya iya ja da baya ba tare da ya karye ba, da mai Birtaniya da zai zuba kusan komai nasa wajen tallafa masa. Ga waɗanda aka ci sau uku a jere ban ba da shawararta ba tukuna.

In wata rana aka ba ka Jamus ko Japan, lissafin ɗaya ne ta bayansa: Rasha ce za ku fara da ita, tunda ita kaɗai ce ku biyu za ku iya kaiwa da ƙafa, kuma ita ce mafi ƙarancin kuɗi.

Abin da nake so ku yi a wasanku na gaba shi ne, kai da abokan ƙawancenka biyu ku zauna kafin a fara, ku yarda cewa Jamus ce. Tunda kai ne na ƙarshe a jeri, za ka ga abin da ƙasashe huɗu suka yi kafin ka kashe ko sisi, to a wannan lokacin ne kaɗai za ku sake duba shawarar. Da zarar ka yi sayayyar farko, ku tsaya a kanta har ƙarshe, ko da Japan ta cinye Sin ta shiga Saibiriya, domin za ta yi hakan, kuma za ka ji kamar ka juya. Ka bar soja biyu ko uku a Honolulu, ka riƙa ƙirga biranen nasara da baki a farkon kowane juyinka. In kun buga, ka rubuto mini yadda allon yake a ƙarshen zagaye na 3, musamman yawan sojan da ke Mosko da Yammacin Rasha da yawan jiragen dakon da kake da su a Atilantika, sai mu duba tare inda za a gyara.